Karayar yatsa da gaban ƙafa: ɗaurin gida, mai ɗori, siminti ko ƙarfe?

A cikin wata guda aka yi karaya biyu a gidanmu. Ta farko matar wana ce, taɓarya ta kuɓuce mata tana daka, ta dira a kan yatsan ƙafarta na huɗu. Kafin magariba yatsan ya yi suntum, ya yi baƙi ƙirin, duk wanda ya leƙa sai ya kau da kai. Ta biyu ƙanena ne, ya taka gefen ƙafa a filin ƙwallo, ya ɗingiso ya dawo gida da kansa, kumburin ma sai ka duba da kyau. "Ai tunda yana takawa ba karaya ba ce, targaɗe ne," in ji Hajiya, mu ma duk muka yarda. Ita matar wana mako biyar ta yi ta koma sa takalminta. Shi kuwa sai da ya shafe wata biyar yana fama, daga gashi zuwa ɗori, daga ɗori zuwa siminti, daga ƙarshe aka sa masa ƙarfe.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan gaban ƙafa dai ban ga ya san ƙimar ba. Wadda ta fi muni a ido ita ce mai sauƙi, wadda ba ta nuna komai ba ita ce ta ba mu wuya. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yau ko ya je wurin mai ɗori ko asibiti, nakan ce masa wannan tambayar ta yi wuri. A fara sanin wane ƙashi ne ya karye, kuma a wane gurbi.

Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26, kuma 19 daga cikinsu a gaba suke. Yatsu sun kwashe 14: babban yatsa yana da 2, sauran huɗun kowanne 3. Sai dogaye guda 5 da suka taso daga tsakiyar ƙafa kowanne ya nufi yatsansa, waɗanda likitoci ke kira metatasal. Idan ka shafa bayan ƙafarka za ka ji su a jere kamar karan zana. Ana ƙirga su daga ɓangaren babban yatsa, na biyar shi ne na gefen waje.

Hannu ko hoto?

Takawa ba ta wanke ƙafa daga karaya. Mutane da yawa suna tafiya a kan karyayyen yatsa ko karyayyen metatasal, musamman idan sun jingina nauyi a kan dunduniya. Abin da ya fi takawa faɗin gaskiya shi ne yatsan hannu guda. Da muka kai ƙanena asibiti daga baya, abin da likita ya fara ce masa shi ne, "Malam, nuna min da yatsa ɗaya inda ya fi maka zafi." Zafin targaɗe yakan bazu cikin nama da jijiya, mai shi ya yi ta shafa wurin da tafin hannu. Zafin karaya kuwa yana tsayawa cak a kan ƙashi. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi: a kama kan yatsa a tura shi a hankali ciki, kamar ana son mayar da shi cikin ƙafa. Idan zafin ya tashi can baya a jikin ƙashi, zargin karaya ya ƙaru.

A 1992 wasu likitocin gaggawa a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita wajen tantance wanda ke buƙatar hoton ƙashi, wato X-ray. A ɓangaren ƙafa ta ce: idan akwai ciwo a tsakiyar ƙafa, kuma an danna tudun nan na gefen waje, wato gindin metatasal na biyar, mutum ya zabura, ko an danna ƙashin da ke ɓangaren ciki gaban idon sawu ya zabura, ko kuma ya kasa yin taku huɗu, to a ɗauki hoto. Da mun san wannan a ranar, da minti ɗaya ya isa, domin daidai tudun nan ƙanena yake nunawa.

Hoton ƙashi shi ne mafi arha kuma mafi amfani, amma shi ma yana da makantarsa, a wuri biyu. Na farko tsagewar gajiya, wadda ba faɗuwa ba buguwa, ƙashi ne kawai ya gaji da duka. Wani likitan soja a ƙasar Jamus ne ya fara bayyana ta a 1855 a ƙafafun kuratan soja masu doguwar tafiya, kuma ta fi kama metatasal na biyu da na uku. Duk wanda ya ƙara yawan tafiya ko gudu farat ɗaya zai iya samunta. A mako biyu ko uku na farko hoto yakan fito tas. Sai an sake ɗauka daga baya a ga sabon ƙashi ya taru a wurin, ko kuma a yi hoton MRI, wanda ke nuna abin da hoton ƙashi ba ya nunawa, tun da wuri. Na biyu shi ne gocewar gaɓar da ta haɗa gindin dogayen ƙasusuwan nan da tsakiyar ƙafa, wadda ake kira da sunan Lisfranc, likitan sojan Faransa na zamanin Napoleon. Haɗarin babur yana jawo ta, haka mahayin da ya faɗo daga doki ƙafarsa na cikin likkafa. Alamarta ita ce jini ya kwanta a tsakiyar tafin ƙafa ta ƙasa. Idan an ɗauki hoton a kwance tana iya ɓuya, sai an ɗauka mutum yana tsaye da nauyinsa. Wanda ya ga wannan tabon a tafin ƙafarsa, kada ya tsaya ko'ina sai gaban likitan ƙashi.

Inda ɗaurin gida ya isa

Ƙananan yatsu huɗu su ne masu rangwame. Idan yatsan yana miƙe, bai karkace ba, bai juya ba, fata ba ta fashe ba, to maganinsa a asibiti ma bai wuce abin da za a iya yi a tsakar gida ba. A sa 'yar auduga ko ƙyalle mai tsabta tsakaninsa da maƙwabcinsa don kada gumi ya ci fata, a naɗe su tare da filasta ba tare da matsewa ba. Lafiyayyen ya zama karan ɗorin mai ciwon. A riƙa canzawa kullum ko duk lokacin da ya jiƙe. A sa takalmi mai faɗin baki da taurin ƙasa wanda ba ya lanƙwasuwa. Silifas ba ya cikin lissafi, domin da yatsu ake riƙe shi. A ɗaga ƙafa a kan matashi. A kwana biyu ko uku na farko sanyi ake so, ƙanƙara a cikin tsumma na kamar minti 15 zuwa 20, ba ruwan zafi ba. Gashi a wannan lokaci ƙara kumburi yake yi. Farasitamol ya isa ga mafi yawan mutane, mai gyambon ciki kuma ya yi hattara da su ibuprofen da diclofenac. Mako 4 zuwa 6 ƙashi ya kama. Abin da aka yi wa matar wana ke nan, sai ƙari ɗaya: jinin da ya taru ƙarƙashin farcenta ya hana ta barci, ma'aikacin jinya ya huda farcen da abu mai tsabta, jinin ya fito, ta samu sa'ida nan take.

Idan yatsan ya karkace ko ya hau kan ɗan'uwansa, ana kashe shi da allura a ja shi a daidaita sannan a ɗaure. Hanyar gane ko ya juya ita ce a kwatanta yadda farcensa ke kallo da na ɗaya ƙafar.

Babban yatsa ba sa'an sauran ba ne. Da shi ake tunkuɗa jiki gaba a kowane taku, shi ne ke lanƙwasuwa a sujada, shi ke kafewa a zaman tahiya. Idan ya warke a karkace, ko gaɓarsa ta sandare, mutum zai riƙa tunawa da shi sau biyar a rana har tsufansa. Saboda haka ni a ganina karayar babban yatsa ba ta gida ba ce. A yi hoto. Idan ba ta goce ba, takalmin asibiti mai tauri na mako biyu ko uku, sannan takalmi mai taurin ƙasa na wasu makonni, ya wadatar. Idan ta goce, ko ta shiga cikin gaɓa ta ci sama da kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar gaɓar, maganar ta koma ta waya ko ƙusar tiyata. Iyaye kuma su lura da wannan: yaro ya yi tuntuɓe da babban yatsa, jini yana tsatsowa daga gindin farce. Sau da yawa wurin girman ƙashi ne ya buɗe a ƙarƙashin farcen, wato karaya ce mai rauni a buɗe ko da ba a ga ƙashi ba. Idan aka shafa man zafi aka bari, ƙashi yakan yi ruwa.

Siminti ko takalmi

Metatasal na biyu, na uku da na huɗu suna ɗaure da juna da jijiyoyi, kowanne yana tallafe da ɗan'uwansa. Idan guda ya karye bai goce ba, maƙwabtansa sun riga sun yi masa rabin ɗori. A nan zaɓin yana tsakanin siminti da takalmin asibiti mai madauri da ake cirewa. David Beckham ya karya na biyu a watan Afrilun 2002, ba a yi masa tiyata ba, kuma a farkon Yuni ya buga wa Ingila gasar cin kofin duniya.

Amfanin siminti shi ne ba ya cirewa. Mai gaggawa, ɗan kasuwar da ba ya iya zama, yaron da ba ya jin magana, siminti ne ke riƙe su. Yana da arha kuma ana samunsa a kusan kowane babban asibiti. Amma a bazara azaba ne, ga ƙaiƙayi, kuma wanda ya zura tsinken tsintsiya ya sosa zai iya jawo wa kansa gyambon da ba ya gani. Yana ramar da sha-raɓa, yana sandarar da idon sawu, kuma zama ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Takalmin kuwa ana cire shi a yi wanka, a duba fata, a motsa idon sawu. Ya fi tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma sauƙin cirewar nan ita ce illarsa: zafi na raguwa sai a ajiye shi a lungu. Ga karayar da ba ta goce ba, sakamakon biyun kusan ɗaya ne, sai dai mai takalmi yakan riga komawa harkokinsa. Mako 6 zuwa 8 ake ƙirgawa. Maganar alwala kuma malamai sun sauƙaƙa ta tun da daɗewa, ana shafa a kan ɗauri, wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune.

Ma'aunin da likitoci ke dubawa a hoto ƙarami ne ƙwarai. Idan ƙashin ya goce fiye da milimita 3 zuwa 4, ko ya sunkuya sama ko ƙasa fiye da digiri 10, sai an gyara shi. Dalili kuwa, kan da ya nutsa ƙasa zai riƙa dukan tafin ƙafa kamar tsakuwa a cikin takalmi, fatar wurin ta yi kanta, ciwo ya zauna. Babu hannun da zai auna milimita uku ta cikin kumburi. Metatasal na farko, mai kauri mai ɗaukar kaso mafi tsoka na nauyi, shi ko 'yar gocewa ba a cika yi masa uzuri ba. Haka idan biyu ko uku suka karye tare.

Na biyar, inda aka fi yin kuskure

A gindin wannan ƙashi akwai karaya iri biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin yatsan hannu ba, amma makomarsu ta sha bamban. Ta farko a can ƙarshen tudun take, jijiya ce ke fizgo ɗan ɓalli idan ƙafa ta turguɗe. Wurin yana da wadatar jini. Bandeji ko takalmi mai tauri, mutum yana takawa gwargwadon yadda zai iya, ta warke. Ta biyu tana ɗan gaba kaɗan, a mahaɗar gindin da jikin ƙashin, inda jini ba ya isa sosai. Ita ce karayar Jones. Likitan ƙashi Robert Jones na Liverpool ne ya bayyana ta a 1902, bayan ya karya tasa ƙafar yana rawa, ya ɗauka jijiya ce, hoto ya nuna masa ƙashi ne. Wannan idan aka ci gaba da taka ta, takan ƙi haɗewa. Ita ce ta ƙanena.

A nan zaɓi na gaske yake. Hanya ta ɗaya siminti ne na mako 6 zuwa 8, ba takawa ko kaɗan, sai da sanduna. Babu yanka, babu kuɗin tiyata, amma tana son haƙurin da ba kowa ke da shi ba, kuma ko an kiyaye wasu ba sa haɗewa, sai an dawo an yi tiyatar. Hanya ta biyu ƙusa ce mai zare da ake zurawa ta tsakiyar ƙashin ta ɗan ƙaramin yanka. Tana saurin haɗa ƙashi, tana saurin mayar da mutum kan ƙafarsa, shi ya sa 'yan wasa suka fi zaɓarta. Tana da tsada, rauni na iya yin ruwa, kan ƙusar na iya damun mutum a cikin takalmi. Kuma ƙarfe ba lamuni ba ne. Ɗan ƙwallon Barazil Neymar ya karya metatasal na biyar a Fabrairun 2018, aka yi masa tiyata a Barazil, ya buga gasar duniya a Rasha, amma a Janairun 2019 wannan ƙashin dai ya sake ba shi matsala.

Da ni za a tambaya: tela, malamin makaranta, ma'aikacin ofis, duk wanda zai iya zama wata biyu, ya fara da siminti, da sharaɗin zai riƙe amanar rashin takawa. Ɗan ƙwallo, soja, ɗan dako, da wanda ya riga ya yi makonni yana taka karayar har bakinta ya bushe, su yi maganar ƙarfe da likita tun farko.

To, mai ɗori fa?

Ba na cikin masu zagin masu ɗori. Gado ne, kuma a ƙauyuka da yawa su ne kaɗai ke kusa. Suna karɓar abin da ya sawwaƙa, suna zuwa har gida, suna sanin mara lafiya da sunansa. Shi kansa Robert Jones a hannun mijin gwaggonsa Hugh Owen Thomas ya koyi aiki, shi kuma Thomas ɗan gidan masu ɗori ne na gado daga yankin Wales. Abin da Jones ya ƙara a kan gadon shi ne hoto, domin yana cikin na farko da suka yi aiki da shi a Ingila a 1896, shekara guda bayan gano shi.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce mafi yawan karayar yatsu da gaban ƙafa za su haɗe da kansu idan an bar su sun huta, ko wa ya ɗaura. Daga nan yabon mai ɗori yake fitowa, kuma daga nan haɗarin yake. Dattijon da ya duba ƙanena mutumin kirki ne. Ya murza wurin da man shanu, ya ja, ya jera kara ya ɗaure, ya ce, "Yaro, bayan kwana bakwai ka fara takawa, ƙashi ba ya son lalaci." Da ɗan ɓallin tudu ne, da shawararsa ta yi daidai. A kan karayar Jones kuwa, murza da takawa su ne abubuwa biyu da suka fi hana ta kamawa. Hannunsa bai da yadda zai bambance su, na likita ma haka, sai da hoto.

Sai matsewa. Ƙafa tana ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku bayan rauni. Idan an jera kara an tamke, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan gaɓoɓin da suka ruɓe ta wannan hanya har aka yanke. Tsaga fata a zuba magani kuma yana mayar da rufaffiyar karaya buɗaɗɗiya. Wanda duk ya ƙudura sai mai ɗori, to ya yi hoton tukuna, likita ya tabbatar masa mai sauƙi ce, sannan kada ya yarda da tsaga, ko murza mai ƙarfi, ko ɗaurin da ɗan yatsa ba zai shiga ƙarƙashinsa ba. Ba sai an je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ba kafin a samu hoton ƙafa. Babban asibitin gari ya isa, su ne za su tura mutum gaba idan abin ya fi ƙarfinsu.

Akwai waɗanda ba su da zaɓi sam. Wanda fatarsa ta fashe a kan karaya yana buƙatar wanki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus a ranar, ba gobe ba. Wanda mota ko adaidaita-sahu ta taka, ko bulo ya faɗo masa, ko da hoto bai nuna abin tsoro ba, naman ciki na iya kumbura ya shaƙe kansa. Mai ciwon suga shi ne na fi jin tsoro: jijiyoyin ƙafarsa sun dakushe, ba ya jin zafin da zai gargaɗe shi, yana iya taka karaya har ƙafar ta rushe, kuma filasta ko kara na iya yi masa gyambon da ba ya warkewa. Idan ƙafarsa ta kumbura ta yi ɗumi, ko ba ciwo, ya tafi asibiti. Yaro mai sikila kuma kumburin ƙafarsa na iya zama na ciwonsa ko ruwa a ƙashi, ba karaya ba, jan sa da murza shi zalunci ne.

Ko siminti ne ko kara, waɗannan alamu ba sa jiran wayewar gari: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa har magani ba ya taɓa shi, yatsu su yi sanyi, su yi fari ko shuɗi-shuɗi, su mutu ko su riƙa tsira kamar allura, wari ko zazzaɓi. A danna farce a saki; idan jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ko uku ba, a kwance ɗaurin, a nufi asibiti.

Bayan an cire ɗauri ma da saura. Ƙafar takan kumbura da yamma har tsawon watanni, wannan ba ya nufin ba ta haɗe ba. Taba sigari tana jinkirta haɗewar ƙashi, likitan ƙanena sai da ya sa shi ya ajiye ta kafin ya yarda ya taɓa shi. Ranar da aka cire masa simintin farko sha-raɓarsa ta koma kamar ta yaro, ya yi makonni yana zaune a bakin gado yana tattaro tawul da yatsun ƙafa, yana zana da'ira a iska da babban yatsa. Bayan tiyatar ya so komawa fili da zarar zafi ya ɗauke, likita ya ɗaga hoton ya nuna masa siririn layin da bai gama cikewa ba, ya ce, "Sai wannan ya ɓace." Wata uku ya ƙara kafin ya sake ɗaura takalmin ƙwallo.